Na danƙo ko na ƙarfe: bitar takalman birkin faifai na keken tsauni

Takalmin birki, wanda masu gyara suka fi kira fad, bai kai faɗin yatsu biyu ba, amma a kansa nauyin mahayi da na keke ke sauka duk sanda hanya ta gangara. Iri uku ne suka cika kasuwa: na danƙo, na ƙarfe zalla, da gauraye da ke tsakaninsu. Kowane kamfani yana rubuta wa nasa kirari a jikin kwali, sai dai kirari ba ya tsayar da keke. Abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci: siffar gidan birkinka (ƙarfen da takalman ke zaune a cikinsa), irin faifan da ke jikin ƙafar, ko ƙasar da kake bi busasshiya ce ko mai laka, da kuma tsawon gangarar.

Siffa ce farko, domin takalmin da bai shiga gidan birki ba, ingancinsa bai amfane ka da komai ba. Shimano, ɗaya daga kamfanonin da ke ƙera birki, ita kaɗai tana da siffofi da yawa, kuma harafin farko na lambar takalmin shi ke faɗa maka. B01S da magajinsa B05S na ƙananan birkuna ne irin MT200 da MT400, kuma da yawa daga birkunan Tektro wannan siffar suke ci. Masu fistan biyu (fistan shi ne abin da ke tura takalmi ya matse faifai) na Deore M6100, SLX M7100 da XT M8100 suna cin siffar G, ko J idan mai fikafikan sanyaya ne. Masu fistan huɗu irin SLX M7120 da XT M8120 suna cin D, ko N mai fikafikai, Saint M820 da Zee M640 kuma suna da H. Harafin ƙarshe yana nuna ƙarfen da aka yi bayan takalmin da shi: S baƙin ƙarfe, A alminiyam, C haɗin biyun. A wajen kamfanin SRAM, takalmin birkin Code ya fi na Guide da G2 girma, ba sa musanya, Maven kuma nasa daban ne. Magura tana da jerin 7 na masu fistan biyu, da jerin 8 da 9 na MT5 da MT7: jerin 8 guda huɗu ne ƙanana, kowane fistan da nasa, jerin 9 kuwa guda biyu ne dogaye. Lambar birkin tana rubuce a jikin gidan, sau da yawa ta ɓangaren da ke kallon ƙafa. Idan ta goge, ciro tsohon takalmin ka ɗora shi a kan sabon, ka duba kunnen da ramin fil ɗin da ke riƙe shi a gidan birki.

Daga nan sai ka tsuguna ka karanta jikin faifan. Wasu faifan Shimano masu araha, irin RT26 da RT56, an buga musu rubutun cewa na takalmin danƙo ne kawai. Ƙarfensu bai sha ƙarin gashi ba, don haka takalmin ƙarfe yana cinye su da wuri, ya tona musu layuka, ga ƙara. Wanda ke da irin wannan faifan yana son komawa takalmin ƙarfe, to lissafinsa ya haɗa da sabon faifai, RT66 ko wanda ya fi shi.

Takalmin danƙo

Ana yin sa ne da zaruruwa, garin gawayin masana'anta, roba da wasu ɓurɓushi, a ɗaure su da danƙo mai jure zafi. Yana da laushi, kuma daga laushin nan ne duk alherinsa da duk aibinsa suka fito. Yana kamawa tun daga matsawar farko, ko da birkin bai ɗumama ba. Ƙarfin kamun yana ƙaruwa a hankali daidai da yadda yatsa ke matsawa, abin da ke da amfani sosai a kan tsakuwa ko ƙasa mai santsi inda kulle taya ke nufin faɗuwa. Ba shi da ƙara a busasshiyar hanya, ba ya cin faifai, kuma da yake danƙo ba ya isar da zafi da sauri, yana kare fistan da man birki daga wutar da ke tashi a fuskar faifan.

Aibinsa biyu ne, kuma manya ne. Na farko, ruwa da yashi. Laka mai yashi idan ta shiga tsakanin takalmi da faifai sai ta zama kamar samfefa, takalmin da zai yi watanni a busasshiyar ƙasa yana iya ƙarewa cikin fita kaɗan, wani lokacin ma a fita ɗaya mai tsawo. Na biyu, zafi. Danƙon yana da iyakar da zai jure, idan an wuce ta sai ya fara ƙonewa, kamun ya ragu, fuskar takalmin ta yi sumul tana ƙyalli kamar gilashi. Takalmin da ya yi wannan ƙyallin ko ya huce ba ya komawa daidai sai an goge fuskarsa.

A cikin na danƙo, na Shimano, wato G05S, J05A da N03A, su ne ma'aunin da ake gwada saura da shi: shiru, kamu mai daɗin sarrafawa, amma matsakaicin rai. B05S ya ishi mai hawa ƙananan tuddai da hanyoyin daji marasa tsananin gangara, kuma gaskiya ga birki irin MT200 neman takalmi mai tsada ba ya sauya labari sosai. Na danƙon SRAM ma shiru ne, sai dai a kan Guide ko G2 ƙarƙashin mahayi mai nauyi yana saurin gajiya a doguwar gangara, domin takalmin ƙarami ne zafin kuma ba shi da wurin zuwa.

Takalmin ƙarfe

Wannan garin ƙarafa ne, mafi yawansa jan ƙarfe, ana matse shi da ƙarfi a gasa har ƙwayoyin su manne da juna ba tare da sun narke gaba ɗaya ba. Babu danƙon da zai ƙone a cikinsa, shi ya sa zafin da ke kashe takalmin danƙo shi ko a jikinsa. A ruwa da laka yana riƙe kamunsa, kuma yana daɗewa nesa ba kusa ba. Ga mai saukowa daga tsauni na mintoci goma ko ashirin a jere, ko mai keke mai batir da nauyinsa ya haura kilo 22, ko mahayi mai jiki, wannan ne zaɓin da ba ya ba da kunya.

Kuɗin da ake biya a madadin haka shi ne ƙara, da cin faifai, da kamun farko da bai kai na danƙo ba kafin birkin ya ɗumama. Idan ya jiƙe yana iya yin kuka har na nesa ya waiwaya, sai an matsa sau biyu ko uku ruwan ya ƙone kukan ya lafa. Kamunsa kuma ya fi zuwa gaba ɗaya, sabon mahayi yakan ji kamar birkin ba shi da tsaka-tsaki, ko da yake yatsa kan saba cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Ƙarfe yana isar da zafi, don haka wutar da takalmin ya jure ba ɓacewa take yi ba, tana ratsawa ta bayansa zuwa fistan, daga nan zuwa man birki. A nan ne ya kamata a bambanta gajiyar birki iri biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan hannun birkin yana nan da taurinsa amma keken ba ya tsayawa, takalmin ne ya yi zafi, maganin shi ne takalmin ƙarfe ko faifai babba. Idan kuwa hannun ya yi laushi yana tafiya har jikin kan keke, man ne ya tafasa ko iskar da ke ciki ta kumbura, sauya takalmi ba zai yi komai ba, sai an zubar da tsohon mai an fitar da iska. Birkunan da ke amfani da man DOT (irin man birkin mota), kamar Code da G2 da na Hope, mansu yana shan danshi daga iska. Ƙa'idar DOT 5.1 ita ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 260 na salsiyos, amma wanda ya sha ruwa ƙa'idarsa ta sauko zuwa 180. Sa takalmin ƙarfe a kan man da ya shekara biyu ba a sauya ba, neman magana ne. Shimano, Magura da TRP man ma'adini suke amfani da shi, haka ma Maven da DB8 na SRAM, kuma ba a taɓa haɗa iri biyun, domin kowanne yana lalata robobin hana yoyo na birkin da aka yi wa ɗayan.

J04C da N04C na Shimano, da D02S marar fikafikai, takalma ne masu kyau ƙwarai, kuma a kan birki mai fistan huɗu da faifai mai milimita 203 da wuya mahayi na yau da kullum ya kai su iyakarsu. Na ƙarfen SRAM, wanda ake gane shi da bayansa mai launin jan ƙarfe, shi ne ya fi dacewa da Code. Wanda ya ce Code ɗinsa ba shi da ƙarfi, a fara duba ko na danƙo ne a ciki.

Fikafikan sanyaya da Shimano ke sa wa J, N da H suna aiki, ba ado ba ne: suna jan zafi daga bayan takalmin su miƙa wa iska. Amma amfaninsu yana bayyana ne a doguwar gangara kawai. A hanyar da ake hawa minti biyu a sauka minti ɗaya, ƙarin kuɗinsu bai dawo da komai ba, ga shi a wasu birkunan masu fistan huɗu suna ɗan kaɗawa su yi ƙaraf-ƙaraf a kan duwatsu. Buɗe sifirin ɗin da ke tsakanin takalman kaɗan da yatsa yakan rage wannan. Masu fikafikai suna da na hagu da na dama, an rubuta a jikinsu, kada a juya.

Gauraye da na wasu kamfanoni

A nan sunaye suke rikitar da mai saye. Abin da ake kira gauraye takalmin danƙo ne da aka ƙara masa garin ƙarfe, mai tangaran ma haka, danƙo ne ke riƙe da shi. Babu wata ƙa'ida ɗaya da ta ce ga yawan ƙarfen da za a sa, don haka gaurayen wani kamfani yana iya zama kusan danƙo zalla, na wani kuma kusan ƙarfe. Sunan kamfanin da amfanin da ya ce an yi takalmin dominsa sun fi kalmar da ke kan kwali muhimmanci.

Galfer ta Sifen ta sauƙaƙa abin da launi. Baƙi na yau da kullum ne. Ja an yi shi don ruwa da laka, yana daɗewa kuma ƙararsa ba ta kai ta ƙarfe zalla ba, shi ne mafi dacewa ga wanda ke son takalmi ɗaya duk shekara. Kore na tsere ne, kamunsa mai zafi ne tun daga farko, amma yana ƙarewa da sauri, mai sayensa ya san ƙarfi ya saya ba tsawon rai ba. Shunayya na keke mai batir ne, yana jure zafi, masu keke marar batir da ke sauka dogayen tsaunuka ma suna sa shi. Trickstuff Power na Jamus yana layi ɗaya da koren Galfer: kamu mai yawa, rai gajere. SwissStop kuwa an fi sanin ta da takalma masu shiru da kamu mai laushin sarrafawa. Magura tana raba nata da harafi, P shi ne na kowa da kowa, C ya fi laushin kamu da daɗewa, R na tsere. Ga mafi yawan masu MT5 da MT7, P ya wadatar.

Takalman da ba su da suna, waɗanda ake sayarwa guda huɗu ko goma a leda ɗaya, matsalarsu ba ta kamu ba ce kawai. Abin tsoron shi ne mannewar abin gogar da ƙarfen bayansa. Idan manni bai yi kyau ba, zafi da tsatsa suna iya ɓamɓare shi gaba ɗaya a tsakiyar gangara, hannun birki ya tafi fayau. Akwai kuma jabun takalman manyan kamfanoni a kasuwannin intanet, da kwali mai kama da na gaske, don haka arahar da ta wuce hankali abin dubawa ce.

Wasu suna haɗawa: ƙarfe a baya, danƙo a gaba. Dalilin yana da tushe. Birkin baya shi ake yawan ja a hankali na tsawon lokaci, shi ne ke shan lakar da tayar gaba ta watso, faifansa kuma sau da yawa ya fi ƙanƙanta, don haka ya fi zafi ya fi cin takalmi. Gaba kuwa nan ake son kamu mai daɗin sarrafawa. Ga hanyoyi masu matsakaiciyar gangara wannan haɗin yana da kyau. Ga gangara mai tsanani, ƙarfe gaba da baya.

Kafin a ɗora wa takalmi laifin rashin ƙarfi, a duba girman faifai. Daga milimita 160 zuwa 180 ƙarfin tsayarwa yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin ɗari, daga 180 zuwa 203 ma kusan haka, ga ƙarin ƙarfen da zai shanye zafi. Ana buƙatar adafta daidai da girman, kuma a tabbatar cokalin gaba da firam sun amince da wannan girman.

Sawa da zaunar da shi

Rabin ƙorafin da ake yi kan sabon takalmi daga wajen sawa yake fitowa. Cire ƙafar. Tun tsofaffin takalman suna ciki, sa abu mai faɗi tsakaninsu ka tura fistan su koma gida gaba ɗaya. Kada ka sa sukundireba kai tsaye a kan fistan, na XT M8100 da SLX M7100 tangaran ne, suna tsagewa. Idan fistan sun yi baƙi da ƙura, goge gefensu da tsumma mai tsabta da sifirit nau'in isofurofil kafin ka tura su, don kada dattin ya shige cikin roba. Ciro ɗan maƙalin da ke bakin fil, kwance fil ɗin, yawanci da alanki mai milimita 3 a Shimano ko 2.5 a SRAM, wasu kuma fil ne mai baki biyu da ake miƙewa da filaya. Sa sabbin takalman tare da sabon sifirin da ya zo da su, ka riƙe su ta gefe, yatsa kada ya taɓa fuskarsu. Mayar da fil da maƙalinsa. Kada ka matsa hannun birki alhali babu faifai a tsakani, fistan za su fito fiye da kima. Bayan ka mayar da ƙafar, matsa hannun sau da yawa har ya yi tauri. Idan faifan yana gogar gefe ɗaya, sassauta ƙusoshi biyu na gidan birkin, daidaita shi da ido ta yadda haske zai fito ta gefe biyu, sannan ka ɗaure su bi da bi. Shimano ta ba da awon ɗauri na Nm 6 zuwa 8 ga waɗannan ƙusoshin.

Idan kana sauya iri, daga danƙo zuwa ƙarfe ko akasin haka, faifan yana ɗauke da shafin tsohon takalmin. Goge fuskokinsa biyu da samfefa mai lamba 120 zuwa 180, ka wanke da sifirit, in ba haka ba sabon takalmin zai yi ƙara da makyarkyata. Sabon faifai ya fi, idan da hali.

Sai zaunarwa, wadda mutane ke tsallakewa. Birkin faifai ba takalmi da tsuran ƙarfe ne ke gogar juna ba, siririn shafi ne na takalmin ke mannewa a fuskar faifan, shi ke ba da kamu. Nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya busasshiya. Ka yi gudu matsakaici, ka matsa birki ɗaya da ƙarfi daidai har ka sauko gudun mai tafiya a ƙasa, ka saki kafin ka tsaya cak. Umarnin SRAM shi ne sau 20 a haka, sannan sau 10 daga gudu mafi sauri, kuma tsarin yana aiki ga kowane birki. Kana zaune a kan sirdi, ba tare da kulle taya ba, gaba daban baya daban. Tsayawa cak da birki a matse yana barin tarin shafi a wuri ɗaya, daga nan ake samun birkin da ke kamawa yana saki. Na ƙarfe ya fi na danƙo ɗaukar lokaci kafin ya zauna. Wanda ya sa sabon takalmi ya faɗa doguwar gangara kai tsaye yana iya ƙone fuskarsa tun ranar farko.

Maiƙo shi ne babban abokin gaba. Feshin man sarƙa kusa da faifan baya, sabulun wanki mai sa ƙyalli, maiƙon hannu, ko man birki da ke tsatsowa daga fistan, kowanne ya isa. Alamarsa kuka mai ƙarfi tare da rashin kamu ko da a busasshiyar rana, da baƙin shafi mai maiƙo a faifai. Ana iya ceto faifan da sifirit. Takalmin kuwa yana tsotse mai zuwa ciki, musamman na danƙo, gogewa da samfefa tana taimakawa ne kawai idan man bai wuce sama ba. Ƙona shi da wuta, kamar yadda wasu ke yi, yana iya raunana mannin da ke riƙe shi da bayansa, sauyawa ya fi aminci. Idan sabbin takalma suka sake lalacewa cikin sati biyu ba tare da wani dalili ba, duba bayansu: danshin mai a nan yana nufin robar fistan ce ke yoyo, kuma duk takalmin da aka sa haka zai ƙare.

Lokacin sauyawa a rubuce yake. Shimano ta ce idan abin gogar ya sauko zuwa milimita 0.5, SRAM tana auna shi haɗe da ƙarfen baya ta ce milimita 3, Magura ta ce 2.5 haɗe da baya. Ga mai fita cikin laka, gara ya sauya tun saura milimita 1, domin ƙafafun sifirin ne ke fara taɓa faifai, faifan ya fizge shi ya murɗe. Shi ma faifan yana da iyakarsa a buge a jikinsa, 1.5 ga na Shimano, 1.55 ga Centerline na SRAM, 1.8 ga na Magura, kuma da takalmin ƙarfe za a kai can da wuri. A duba takalman biyu tare: idan ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, ko dai gidan birkin bai zauna a tsakiya ba, ko fistan ɗin gefe ɗaya ya maƙale. Idan cinyewar ta karkace ce, sama ta fi ƙasa, a duba adafta da wasoshin da ke ƙarƙashin gidan.